Ƙuraje da marurun 'yan Umra: canjin ruwa ne ko wani abu daban?

Alhaji Mai Turare (Bab Sharif): Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masana lafiyar cikinmu. Baƙin da nake saukewa, 'yan Umra da 'yan sarin kaya, da wuya ayari ya zo ya koma ba a sami mai kukan maruru ko ƙurji ba. Wani a cinya, wani a hammata, wani a ƙeya bayan aski. Mutum ya baro Kano fatarsa sumul, kafin ya yi sati a Makka ka gan shi yana tafiya yana buɗa ƙafa. Mu dai abin da muka taso muka ji shi ne canjin ruwa. Shin ruwan nan da ake tacewa daga teku ne ke jawo abin, ko zafi ne ke fitowa daga jini?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam Alhaji. Canjin ruwa ne mana. Lokacin da aka kawo ni ƙasar nan ina amarya haka na yi ta fama, wannan ya fashe wancan ya fito. Da jikina ya saba da ruwan sai ya daina.

Ɗan Gwammaja: Har da maiƙo. Mutum a gida tuwo da miyar kuka, ya zo nan safe da yamma soyayyar kaza, ya bi da dabino kamar ba gobe. Dole jiki ya fitar.

Anti Nas (Jidda): Alhaji, ranku ya daɗe, ruwa bai da laifi, dabino ma haka. Ruwan da ake tacewa a Shu'aiba shi muke wanka da shi mu mazauna Jidda da Makka shekara da shekaru, da shi ne da babu mai iya zama a kujera a cikinmu. Maruru aikin wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira sitafilokokus, kuma sau da yawa ba a nan baƙon ya ɗauke ta ba, da abarsa ya hau jirgi. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a cikin hanci ko a kan fata, lafiyarsa ƙalau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To ku duba abin da ɗan Umra ke yi wa fatarsa. Ya ɗaura harami babu wando, cinya na gugar cinya cikin gumi har ta saluɓe. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya zarce kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da kai-komo daga masauki in a Misfala ko Kudai yake. Ya sa sabon takalmin da ya saya daren tafiya, ya yi masa bororo a dunduniya. Ya gama a bi kansa da reza. Ya koma ɗakin mutum biyar ko shida, sabulu ɗaya, tawul ɗaya a rataye bayan ƙofa bai taɓa bushewa ba. In aka yi rashin sa'a akwai kuɗin cizo a katifa, ya kwana yana susa da farcen da bai yanke ba.

Maman Hanifa: Anti, to ni da ban ɗaura harami ba, ban yi aski ba fa?

Anti Nas (Jidda): Hajiya, abaya baƙa cikin zafin Makka, ga gumi a ƙarƙashin mama da hammata, ga aske gashin hammata. In kuma ana shafa man ƙara haske, ban ce ke ba, da yawansu akwai sinadarin da ke sirantar da fata ya raunana garkuwarta. Ƙurajen zafi kaɗai in aka sosa su sun isa.

Maman Hanifa: Hhh Anti kin ce ba ni ba, amma kin faɗa dai.

Ɗan Gwammaja: Duk na ji. Amma maganar gaskiya ni ba na tafiya sai da katin Ampiclox biyu a jakar hannu. Ƙurji na leƙowa na watsa biyu, na ɓare ɗaya na barbaɗa garin a kai, gobe ya kama bushewa. A nan kuwa ka shiga saidaliyya, wato kantin magani, ka ce a ba ka, sai su ce ina takardar likita, kamar ka tambayi bindiga. A Sabon Gari yaro za ka aika.

Dakta (Ta'if): Ɗan Gwammaja, masu saidaliyya ba wulaƙanci suke maka ba. Tun 2018 ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta tsaurara dokar hana sayar da antibayotik ba takardar likita, tara tana iya kaiwa riyal 100,000, ga barazanar ƙwace lasisi. Ba wanda zai sayar da abincinsa saboda ƙurjinka.

Shi Ampiclox magani biyu ne a haɗe, amfisilin da kuloksasilin. Na farkon yawancin sitafilokokus sun daɗe da fin ƙarfinsa. Na biyun yana aiki a kan na yau da kullum, amma sai an sha sau huɗu a rana, ciki ba abinci, na kwanaki a jere. Watsa biyu yau, gobe a manta, horar da ƙwayar ake yi kawai. Akwai kuma irin da ake kira MRSA, wadda aka fara ganowa a Ingila a 1961, yanzu tana ko'ina, ita ko ka shanye kwalin gaba ɗaya ba ta san kana yi ba.

Abin da mutane ba sa so su ji: ƙurjin da ka ce ya bushe, da ka bar shi ma zai bushe. Ƙaramin maruru ruwan ɗumi yake so. A jiƙa tsumma mai tsabta a ɗora minti goma zuwa sha biyar, sau uku ko huɗu a rana, ya nuna ya fashe da kansa, a wanke a rufe. Babba wanda ya tara mugunya kuwa magani ba ya shiga cikinsa sosai, tsaga shi ake yi a asibiti a fitar. Barbaɗa garin kafso ba ya kaiwa inda cutar take, dunƙulewa yake da mugunya ya yi ɓawo a sama, ƙasa na ci gaba da ruɓa.

Ɗan Gwammaja: Dakta, ku likitoci kullum a je asibiti. Mutum ya tara kuɗin shekaru ya zo kwana goma sha huɗu, ka ce ya ɓata yini a layi saboda ƙurji?

Dakta (Ta'if): Ban ce kowane ƙurji ba. Ai ka ji na ce ruwan ɗumi. Amma wanda ya fito a hanci ko leɓen sama, wannan ko da wasa kada a matse shi, jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Wanda ya zo da zazzaɓi, ko kaluluwa ta fito, ko kumburin yana faɗaɗa, ko mai shi yana da ciwon suga, waɗannan yinin da za a ɓata ya fi araha.

Anti Nas (Jidda): Ni da a ce za a ji tawa, a hana kowa shigowa da antibayotik a jaka. Ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Dakta (Ta'if): A nan mun ɗan saɓa, Anti. Akwai matafiyin da likitansa zai iya rubuta masa na ko-ta-kwana. Misali wanda ƙafarsa ta saba kumburin nan na selulaitis yana dawowa, ya san alamarsa tun kafin ta bayyana. A rubuta masa irin da ya dace, a faɗa masa ranar farawa da ranar tsayawa. Abin da nake ƙi shi ne kati ɗaya ya zagaya ɗaki, mai tari ya sha biyu, mai gudawa ya sha biyu, mai maruru ya ƙarasa.

Anti Nas (Jidda): A takarda haka ne, Dakta. A aikace wanda ka rubuta wa shi ne zai zama likitan ayarin. Na ga jakar wata Hajiya da aka kawo mana, leda guda cike da magani, rabi an ɓare su daga katinsu an zuba a robar man shafawa, ita kanta ba ta san wanne ne na hawan jini ba. Ta ce ja na ciwon jiki ne, fari na komai da komai.

Ummu Sadik (Shara Mansur): Don Allah ku yi haƙuri na katse ku, abin ya zo daidai. Goggona ta zo Umra, tana da suga. Shekaranjiya bayan azahar ta fito ba ta ga takalminta ba, ta tako ƙafa ba takalmi har masauki. Ba ta faɗa wa kowa ba. Yau da na je kai mata abinci na ga safarta ta manne a tafin ƙafa, sai da na jiƙa da ruwa na cire. Fatar wurin ta ɗaye, tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ya yi fari ya jiƙe, akwai ɗan wari. Bayan ƙafar ya kumbura yana sheƙi, da zafi in ka taɓa. Ita ta ce ba ta jin ciwon komai, sanyi-sanyi kawai take ji. Tana wanke wurin da Zamzam tana shafa man habbatussauda. Jirginsu jibi. Ta ce a bari sai ta koma gida.

Dakta (Ta'if): Ummu Sadik, ajiye waya ki kai ta sashen gaggawa yanzu, ba gobe ba. Rashin jin ciwon shi ne abin tsoron, suga ya kashe jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ta taka kwalta mai zafi ba ta sani ba. Sanyin da take ji zazzaɓi ne. Kafin ku fita ki ɗauki biro ki zagaye iyakar kumburin, ki rubuta lokaci a gefe, masu duba ta za su ga ko yana tafiya. Ki tafi da duk magungunanta da fasfo. Bizar Umra tana ɗauke da inshorar lafiya ta gaggawa, kada kuɗi ya tsayar da ku. In ba ta iya takawa ki kira motar asibiti a 997 ko 911.

Ummu Sadik (Shara Mansur): Dakta, tsoronta kada a ce za a yanke. Wata maƙwabciyarsu a gida haka aka yi mata.

Anti Nas (Jidda): 'Yar uwa, ki faɗa mata da lafazi mai daɗi: waɗanda ake yanke wa su ne waɗanda suka jira. A yau wanki ne da allurai. Ki ƙara mata zaman jirgi na kusan awa biyar ƙafa a rataye, da jiran filin jirgi, da hanyar mota zuwa garinsu, ba mu san me za a tarar ba. Kuma kada ki tsaya neman ja a fatar, bayanin da ake rubutawa na masu farar fata ne. A jikinmu wurin duhu yake ƙarawa, ya yi sheƙi, ya ɗauki zafi. Ki gwada da ɗaya ƙafar za ki ga bambanci.

Malam Na Misfala: Ummu Sadik, ki ba ta wayar ko ki karanta mata. Hajiya, Zamzam mai albarka ne, ki sha ki yi addu'a, babu mai hana ki. Amma wanda ya ba mu Zamzam shi ya umarce mu da neman magani. Sallolin Harami da kike jin za su wuce ki, ya tabbata a hadisi cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya. Alwala kuma in an naɗe ƙafar, shafa a kan bandejin ta wadatar. Ki tashi ki bi 'yarki.

Ummu Sadik (Shara Mansur): Ta yarda, Allah ya saka da alheri. Mun fita.

Baban Walid: Allah ya ba ta lafiya. Wannan abu na takalmi ba ƙarami ba ne. Farin dutsen da ke filin ɗawafi daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo shi, ba ya ɗaukar zafi, sai mutum ya ɗauka ko'ina haka yake. Yana sauka kan kwalta labari ya canza. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, ku ƙiyasta kwaltar Mina a ranar. Ni duk tsohon da na raka, jakar zuge nake rataya masa a wuya ya sa takalminsa a ciki, na kuma ce in ya ɓata ya tsaya a inuwa ya aika a sayo na riyal goma.

Wani Bawan Allah: Kuna ta cewa asibiti, fasfo, inshora. Ba kowa ne a cikin gidan nan takardunsa suke raye ba, kun sani. Shi ya yi yaya?

Dakta (Ta'if): Na sani. Lambar 937 ta ma'aikatar lafiya ana samun likita a kanta dare da rana a yi shawara ta waya. Sauran maganar ba ta cikin taro ba ce, ka same ni ta gefe. Abu ɗaya zan faɗa a fili: ciwon da zafinsa ya fi abin da ido ke gani, fata ta fara baƙi ko ta yi bororo mai ruwan jini, mutum ya fara sambatu, wannan awoyi ake ƙirgawa, ba a tsayawa lissafin igama, wato takardar izinin zama.

Ɗan Gwammaja: Allah gafarta Malam, tunda kuna kusa. Anti ta ce gugar cinya ce mafarin abin. Mai harami zai iya shafa Vaseline a wurin? Wani ya ce min fidiya ce.

Malam Na Misfala: Wanda ba shi da ƙamshi, in ka shafa kafin ka yi niyya ka huta da saɓani. Bayan niyya, in akwai larura ya halatta ka shafa, ya halatta ka ɗaure rauni. Inda malamai suka saɓa shi ne ko fidiya ta hau kanka, kuma mu Malikiyya mun fi tsanantawa a nan fiye da wasu mazhabobin. Ko ta hau, ba abin tashin hankali ba ce: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya. Asalin hukuncin yana aya ta 196 a Baƙara, game da Ka'abu bin Ujra da kwarkwata ta dame shi a Hudaibiyya aka ce ya aske. Wanka da sauya harami mai datti da wankakke duk babu komai a ciki. Na ga masu kwana biyar da ƙyalle ɗaya a Mina ya yi baƙi ƙirin suna ganin tsoron Allah ne. Rashin tambaya ne.

Alhaji Mai Turare (Bab Sharif): To maganar aski fa? Baƙina da yawa ƙeyarsu ke yin ƙuraje ƙanana masu farin kai kwana biyu bayan sun sauke Umra.

Anti Nas (Jidda): Wannan ramin gashi ne ya kamu. Yawanci sabulu da ruwa sun isa, a daina ɗora hula mai gumi a kai. Amma ƙurajen su ne ƙaramar matsalar reza. Babbar ita ce ciwon hanta nau'in B da C, wanda sau da yawa ba a gani sai bayan shekaru. Shagunan da ke da lasisi doka ta wajabta musu sabuwar reza ga kowane kai. Ku ce wa baƙinku su ga an ɓare ta a gabansu, ba rashin kunya ba ne. Masu tsayawa a gefen hanya a Mina da aska ɗaya suna bin kawuna, da abokai masu aske wa juna don a rage riyal biyar, nan ne ɓarnar take.

Ɗan Mai Wurno: Salam 'yan uwa. Mu da muka fito daga Sudan ina so a ƙara wannan. Ba kowane kumburin ƙafa ba ne maruru. A wajenmu, Jazira da Sinnar da Farin Nilu, akwai madura. Ƙaya ce ke soke manomi ko makiyayi, ƙwayar ta shiga daga ƙasa, wata iri bakteriya ce wata iri naman gwari. Kumburin ba ya ciwo, yana ɗaukar watanni ko shekaru, ya huhhuje yana fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi kamar tsaba, baƙaƙe ko farare ko jajaye. A Jami'ar Khartum aka kafa cibiyar bincikenta a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Tun da yaƙi ya tashi a 2023 mutanenmu sun watsu, wasu suna nan da ita a ƙafa ana ta ba su maganin maruru.

Dakta (Ta'if): Madalla da wannan. Shi ya sa tambayar farko da nake wa mai ciwon fata ita ce daga ina ka taso, me ka taka, me ya cije ka. A ƙasar nan ma akwai gyambon da ƙaramin ƙudan yashi ke jawowa, ana samunsa a yankunan Ahsa da Ƙasim da Madina, ba ya jin irin waɗannan antibayotik ɗin ko kaɗan. Duk gyambon da ya wuce sati biyu yana shan magani bai motsa ba, a daina sauya kafso, a je a ɗebi samfuri a duba. Wanda ya koma gida kuma ya faɗa wa likitan can cewa daga tafiya yake.

Maman Hanifa: Dakta, tunda ana yi bari na faɗi tawa. Mun je gida hutu da yara, autana ya dawo da ƙuraje a ƙafa da gefen baki, masu yin ɓawo ruwan zuma. Sauro ne ya cije shi ya yi ta susa. Yayyensa biyu suka ɗauka. Na sayi man nan mai haɗi uku na shafa musu, ya lafa ya dawo.

Anti Nas (Jidda): Ki ajiye man nan, Hajiya. Sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi a cikinsa yana rufe ciwon ne ƙwayar na yaɗuwa a ƙarƙashi. Abin da kika kwatanta yana kama da imfetigo, yana saurin bin yara. A jiƙa ɓawon a wanke, a yanke musu farce, kowa da tawul ɗinsa, zanin gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Likita zai rubuta man da ya dace, irin su mufirosin ko fusidik, in sun yi yawa a haɗa da na sha. Ki kuma duba tsakanin yatsun hannunsu da dare. In ƙaiƙayin ya fi tsananta da dare kuma duk gidan ana susa, wataƙila ƙazuwa ce a ƙasa, ƙurajen suka hau kanta. Mazauna Makka ba su manta yadda ta bi makarantu a 2018 ba. In ita ce, sai an yi wa kowa magani rana ɗaya.

Maman Hanifa: Na autan sun bushe kusan wata guda ke nan. Sai dai kwana biyun nan yana tashi fuska a kumbure, idanu sun yi luhu-luhu, na ce ko barci ne. Jiya kuma fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi. Yana da alaƙa?

Dakta (Ta'if): Yana iya kasancewa, kuma ba na so ki jinkirta. Ɗaya ƙwayar da ke kawo irin ƙurajen nan, sitireftokokus, takan sa ƙoda ta kumbura makonni uku zuwa shida bayan ƙurajen sun fito. Yawancin yara suna warkewa sarai, amma jininsu kan hau a lokacin, dole a sa ido. Ki kai shi a auna fitsari da hawan jini da aikin ƙoda. Ki faɗa musu da bakinki cewa ya yi ƙuraje wata guda da ya wuce bayan tafiya Nijeriya, don ba za su ga komai a fatar ba yanzu. Kafin nan ki rage masa gishiri, kada ki ba shi wani magani.

Maman Hanifa: Innalillahi. Gobe Juma'a fa Dakta, asibitin unguwarmu a rufe yake, kuma Baban Hanifa yana Yanbu sai Asabar.

Dakta (Ta'if): Sashen gaggawa na yara ba ya rufewa. Ki nemi mai raka ki yau da daddare.

Baban Walid: Hajiya, in a Makka kike ki turo min unguwar ta gefe. Mai ɗakina tana gida, za mu zo mu ɗauke ku bayan isha'i.